Jean Mabillon, ɗan manomin da ya koya wa malaman tarihi tuhumar takarda

A shekarar 1675 wani malamin ɗariƙar Jezuwit mai suna Daniel Papebroch, mazaunin birnin Anvers a ƙasar Beljiyam ta yau, ya buga wani dogon bayani da ya tayar da hankalin ruhubanawan Faransa, wato malaman Kirista da ke keɓe kansu a gida guda don ibada, ba aure ba dukiyar kai. A ganinsa kusan duk takardun da ake dangantawa da sarakunan farko na Faransa, na ƙarni na 6 da na 7, jabu ne, kuma gwargwadon tsufan da takarda ke iƙirari gwargwadon yadda ya kamata a yi shakkarta.

Maganar ta wuce gardamar malamai. Gonaki da dazuzzuka da kasuwanni da ƴancin ƙin biyan haraji da waɗannan gidaje ke riƙe da su tun ɗaruruwan shekaru, duk a kan irin waɗannan takardu suke tsaye. Wanda ya taɓa ganin mutum biyu sun zo gaban alƙali kowa da takardarsa ta fili guda ya san abin da ake nufi. Gidan da abin ya fi shafa shi ne Saint-Denis, a arewacin Paris, inda ake binne sarakunan Faransa, kuma inda aka fi tara tsofaffin takardun sarauta. Amsar ta ɗauki shekara shida kafin ta fito, kuma ta fito ne daga hannun wani mutum mai yawan ciwo, ɗan ƙauye, mai suna Jean Mabillon.

An haife shi ranar 23 ga Nuwamba 1632 a Saint-Pierremont, wani ƙaramin ƙauye a yankin Ardennes. Iyayensa manoma ne. Wani baffansa limamin coci ne ya fara koya masa karatu, sannan aka kai shi makaranta a birnin Reims. A 1653 ya shiga gidan ruhubanawa na Saint-Remi a wannan birni, ya ɗauki alkawarin zama a shekara ta gaba. Gidan na ɗariƙar Benedikti ne, wadda ke bin ƙa'idar da wani waliyyin Italiya ya rubuta a ƙarni na 6, kuma yana cikin wani reshe na masu gyara da ake kira Saint-Maur, wanda aka kafa a 1618. Shugabannin wannan reshe sun yi wani tsari da ba a saba gani ba: a zaɓi masu basira a cikin matasa, a ba su littattafai da lokaci, su tattara tarihin ɗariƙar da rubuce-rubucen magabatan coci.

Da farko ba wanda ya zaci Mabillon zai amfanu da wannan tsari. Ciwon kai mai tsanani ya kama shi har ya hana shi karatu, aka yi ta sauya masa gida don neman sauƙi, daga Nogent zuwa Corbie. An naɗa shi limami a Amiens a 1660. A 1663 aka tura shi Saint-Denis, aka ba shi aikin nuna wa baƙi taskar gidan. Sai a 1664 aka kira shi Paris, gidan Saint-Germain-des-Prés, ya taimaka wa mai kula da ɗakin littattafai, Luc d'Achery, wanda shi ma rashin lafiya ta ɗaure shi a ɗaki. A nan Mabillon ya zauna shekara 43, har mutuwarsa.

Aikinsa na farko shi ne buga rubuce-rubucen waliyyi Bernard na Clairvaux a 1667. Na biyun ne ya jawo masa fitina a cikin gida. An ba shi aikin tattara tarihin waliyyan ɗariƙar Benedikti ƙarni bayan ƙarni, juzu'i na farko ya fito a 1668, na tara a 1701. Da ya duba tsofaffin rubuce-rubuce sai ya ga cewa da yawa daga cikin waliyyan da ɗariƙar ke taƙama da su ba su taɓa bin ƙa'idar Benedikti ba, domin ƙa'idar ta yaɗu ne sannu a hankali, ba ta game gidajen Faransa ba sai a ƙarni na 8 da na 9. Ya rubuta abin da ya gani. Wasu ƴan'uwansa, musamman Philippe Bastide, suka kai ƙara gaban shugabanni cewa yana rage wa ɗariƙa daraja, suka nemi a tilasta masa janyewa. Hujjar da ya kare kansa da ita mai sauƙi ce: mai rubuta tarihi kamar alƙali yake, kuma yabon da aka gina a kan ƙarya ranar da aka gano shi zai zubar da mutuncin na gaskiyar ma. Shugabannin suka goya masa baya. Wannan ya kamata a tuna da shi, domin mutumin da zai tashi kare takardun ɗariƙarsa daga Papebroch ya riga ya nuna cewa yana iya yanke hukunci a kan gidansu.

Littafin amsar ya fito a 1681 da harshen Latin, sunansa De re diplomatica, wato batun takardun sarauta, kuma ya kasu kashi shida. Hanya mafi sauƙi ita ce ya ɗauki takardun Saint-Denis ɗaya bayan ɗaya ya ce na gaskiya ne. Ya ƙi binta. Ya amince tun farko cewa akwai jabu, kuma ruhubanawa ma sun ƙirƙira wasu. Tambayar da ya ɗora ita ce yadda za a bambance, ta hanyar da kowa zai iya bi ya kai ga hukunci guda, ko masoyin gidan ne ko maƙiyinsa.

Sai ya jera abubuwan da za a tambayi takarda. A kan me aka rubuta ta, fata ce ko papirus, takardar da ake yi da wata ciyawar bakin kogin Nilu, wadda sarakunan Faransa suka yi amfani da ita har cikin ƙarni na 7? Wace irin tawada ce? Wane irin hannu ne, tunda rubutun kowane zamani da kowace ƙasa yana da kamanninsa? Yaya Latin ɗin yake? A nan ya lura da wani abu da ke ba mutum mamaki: marubutan sarakunan farko ba su iya nahawu sosai ba, don haka takardar da ta zo da Latin mai tsabta tana iƙirarin ƙarni na 7 ta fi mai kurakurai cancantar tuhuma. Sannan kalmomin buɗewa da na rufewa, da laƙabin da sarki ke kiran kansa da shi, da hatimi da yadda aka manna shi, da sa hannun shaidu, da yadda aka ƙirga kwanan wata, domin a wancan zamani da shekarun mulkin sarki ake ƙirgawa. Kashi na huɗu, wanda abokin aikinsa Michel Germain ya yi mafi yawansa, jerin fadodin da sarakuna suka zauna ne, don a iya duba ko sarkin ya taɓa sauka a garin da takarda ta ce an rubuta ta. Kashi na biyar zane-zane ne da aka sassaƙa a ƙarfe aka buga, masu kwaikwayon tsofaffin rubuce-rubuce harafi da harafi, don mai karatu ya gani da idonsa tun ba a san hoto ba.

Ƙa'idar da ta fi kowace muhimmanci ita ce kada a yanke hukunci da alama guda. Takarda ta gaskiya tana iya ɗauke da kuskuren kwanan wata, domin marubuci ɗan Adam ne, kwafi kuma yana iya lalacewa a hannun mai kwafa ba tare da asalin ya zama ƙarya ba. Jabu kuwa yana iya dacewa a abu biyar ya faɗi a na shida. Sai an haɗa alamomin duka, an gwada su da takardu masu yawa na zamani guda. Kuskuren Papebroch ke nan: takardun asali kaɗan ya gani, ya gina doka a kansu. Mabillon kuwa taskokin ɗariƙarsa duka a buɗe suke gare shi.

Abin da ya biyo baya ba kasafai ake ganinsa tsakanin malamai ba, a da ko a yau. A 1683 Papebroch ya rubuto wasiƙa ya ce ya karanta littafin, ya gamsu, ya janye ra'ayinsa, har ya ba da izinin a bayyana hakan a fili. Mabillon ya amsa masa da cewa tawali'un da ke cikin wasiƙar ya fi littafin nasa daraja. Colbert, babban ministan sarki Louis na 14, ya yi masa tayin albashin shekara na livre 2000, kuɗin Faransa na lokacin, ya ƙi karɓa, ya ce gidansu na ciyar da shi.

Gwamnati ta sami wata hanyar amfani da shi. Ta riƙa tura shi yawon ɗakunan littattafai: yankin Bourgogne a 1682, Suwizalan da Jamus a 1683, sai Italiya daga 1685 zuwa 1686, inda ya yi wata goma sha biyar ya saya wa ɗakin littattafan sarki dubban littattafai. A waɗannan tafiye-tafiye ne ya yi aikin da masu nazarin tsarin ibadar Kirista ke tunawa da shi har yau.

Ga yadda batun yake. A zamanin Mabillon yawancin mabiya Katolika na ɗauka cewa babbar ibadarsu, wadda ake kira Mes, haka take tun farko a ko'ina. Masana sun san cewa kafin ƙarni na 8 ƙasar Faransa tana da nata tsarin, wanda ake kira na Gallika, kuma sarki Pépin da ɗansa Charlemagne ne suka ture shi suka kawo na Roma don haɗa kan daularsu. Amma littattafan tsohon tsarin sun ɓace, tunda littafin ibada da aka daina amfani da shi ba mai sake kwafarsa, wani lokaci ma a kankare fatar a rubuta wani abu a kai. A 1680 wani malamin Italiya, Giuseppe Tomasi, ya buga wasu tsofaffin littattafan addu'o'i na wannan tsari. Abin da ya rage shi ne sanin abin da ake karantawa. A gidan Luxeuil, wanda wani waliyyi ɗan ƙasar Ailan mai suna Colomban ya kafa wajen shekarar 590, Mabillon ya ci karo da wani littafi na wajen shekarar 700 mai ɗauke da karatuttukan kowace rana ta idi. Da ya haɗa shi da na Tomasi da abin da tsofaffin marubuta irin su Grégoire na Tours suka ambata, sai ya iya sake gina ibadar da ta mutu shekara kusan 900 kafin lokacinsa. Ya buga sakamakon a 1685 da sunan De liturgia gallicana. An ga cewa Kiristocin Faransa na dā karatu uku suke yi, ɗaya daga littattafan annabawa, ɗaya daga wasiƙun manzanni, ɗaya daga Linjila, alhali Mes ɗin zamaninsa biyu yake da su. An ga cewa suna gaisuwar salama kafin a keɓe burodi da ruwan inabi, kuma addu'o'insu suna sauyawa kusan kowane idi.

A 1686, a gidan Bobbio da ke arewacin Italiya, wanda shi ma Colomban ya kafa, ya sami wani ƙaramin littafi da ya fi wancan ban sha'awa a ganina. Ba na fada ba ne, ba ado. Ga alama na wani limami ne mai yawo tsakanin ƙauyuka, wanda ya haɗa duk abin da yake buƙata a wuri guda: karatu, addu'o'i, tsarin baftisma, albarkatu, jerin kaffarar zunubai. Ta irin wannan littafi ake hango addinin talakawa, wanda littattafan manyan malamai ba sa nunawa. Mabillon ya taho da shi Paris ya buga shi a 1687, kuma yau yana babban ɗakin littattafan ƙasar Faransa.

A 1689 ya buga wasu rubuce-rubuce goma sha biyar da ake kira Ordines Romani, waɗanda ke bayanin yadda ake gudanar da ibada a Roma mataki-mataki, ya jera su bisa zamani. Na farkonsu yana kwatanta Mes ɗin Fafaroma wajen shekarar 700: yadda yake hawa doki daga fadarsa ta Lateran da tawagar ma'aikata zuwa cocin da za a yi ibadar ranar, da masu riƙe fitilu bakwai a gabansa, da yadda ake karɓar burodi da ruwan inabi daga hannun jama'a, da yadda kowa ke sha daga ƙoƙon, abin da a zamanin Mabillon an keɓe wa limami kaɗai. Ba a karanta shahadar bangaskiya a ciki, domin Roma ba ta shigar da ita cikin Mes ba sai a 1014. Mabillon bai nemi a sauya komai ba. Amma da zarar an jera waɗannan rubuce-rubuce bisa zamani, kowa zai ga cewa ita ma ibadar Roma tana da tarihi, an ƙara mata an rage. Binciken da ya biyo wannan sawu na cikin abin da aka dogara da shi wajen gyaran da ya biyo bayan babban taron Vatikan na biyu, na 1962 zuwa 1965, kuma mai zuwa cocin Katolika a Yamai ko Maraɗi ranar Lahadi yau karatu uku yake ji.

Roma ta bar masa wata damuwa. Tun 1578, lokacin da aka sake gano tsofaffin maƙabartun ƙarƙashin ƙasa na birnin, ake tono ƙasusuwa ana aikawa coci-coci na Turai a matsayin na shahidai. Idan ba suna a kabarin sai a laƙaba masa wani. Hujjar shahada ita ce zanen reshen dabino a jikin kabari, ko wata ƴar kwalba mai jan abu a ciki da ake ɗauka jini ne. Mabillon ya shiga waɗannan ramuka da kansa, kuma abin da ya gani bai gamsar da shi ba. Ya yi shekaru yana jinkiri, sannan a 1698 ya buga wata wasiƙa da sunan aro, Eusebius Romanus, yana cewa waɗannan alamomi ba su isa a sa jama'a su girmama ƙashin mutumin da ba a san ko wane ne ba. Aka kai ƙararsa ofishin Roma mai haramta littattafai. Shari'ar ta ja shekaru, sai da ya sassauta wasu wurare a bugun 1705, har da batun kwalbar, sannan Fafaroma Clément na 11 ya amince. Masu binciken kayan tarihi na baya sun karkata ga cewa yawancin kwalaben turare ne a ciki.

Gardamar da ta fi yin suna a Paris kuwa da wani ɗan'uwansa a ruhubananci ya yi ta. Armand-Jean de Rancé, shugaban gidan La Trappe, ɗan manyan mutane ne da ya yi karatu mai zurfi tun yana yaro, sannan ya juya wa duniya baya. A littafinsa na 1683 ya ce aikin ruhubanawa shi ne shiru da tuba da noma da hannu, karatu mai yawa girman kai yake haifarwa. Da an bi wannan ra'ayi, da an rufe aikin Saint-Maur gaba ɗaya. Mabillon ya amsa a 1691 da littafi a harshen Faransanci kan karatun ruhubanawa. Ya yarda cewa gidan ibada ba jami'a ba ne, amma ya nuna daga tarihi cewa duk lokacin da karatu ya mutu a waɗannan gidaje tarbiyya ma tana binsa, kuma littattafan da Rancé kansa ke kafa hujja da su ruhubanawa ne suka kwafe su suka tsira. Rancé ya mayar da martani mai zafi a 1692, Mabillon ya sake amsawa a natse. A 1693 ya tafi La Trappe da ƙafarsa, suka gana, suka rabu lafiya, kowa na kan ra'ayinsa.

Masu yabonsa sukan tsaya a nan, amma akwai sauran labari. A gardamar da aka daɗe ana yi kan wanda ya rubuta shahararren littafin nan na koyi da Almasihu, Mabillon ya goyi bayan ɗariƙarsa cewa wani shugaban gidan Benedikti ne mai suna Gersen, alhali yau masana sun tsaya a kan Thomas a Kempis. A 1700 ya kare wani abu da gidan Benedikti na Vendôme ke ajiye da shi ana cewa hawayen Almasihu ne, shi da ya tuhumi ƙasusuwan Roma shekara biyu kafin nan. Mafi nauyi shi ne abin da ya faru a 1695. Kadinal de Bouillon, ɗaya daga cikin manyan coci masu ƙarfi, yana son tabbatar da cewa gidansu ya fito daga tsofaffin sarakunan yankin Auvergne. Aka kawo wasu takardu, aka nemi Mabillon da almajirinsa Thierry Ruinart da masani Étienne Baluze su duba, su ukun suka sa hannu cewa na gaskiya ne. Daga baya aka kama wani mai suna Jean-Pierre de Bar, aka same shi da laifin ƙirƙirar takardu, ya ƙare rayuwarsa a kurkukun Bastille. A duk wuraren uku akwai ko dai maslahar gida ko buƙatar babban mutum. Ƙa'idojin da ya rubuta sun isa su kama waɗannan kurakurai, kuma da su ne na baya suka kama su.

Akwai wani ɗan gajeren rubutu nasa da bai fito ba sai a 1724, bayan mutuwarsa, kan kurkukun da ake kulle ruhubanawa masu laifi a cikin gidajensu. Ya soki yadda ake jefa mutum a ɗaki mai duhu shi kaɗai, ba littafi ba aiki ba mai ziyara, ya ba da shawarar a ba su iska da ɗan lambu da aikin hannu, tunda gyara ake nema. Masu tarihin gidajen yari na ambatonsa har yanzu.

A 1701 aka sa shi cikin majalisar masana ta sarki mai kula da tarihi da tsofaffin rubuce-rubuce. A 1703 ya fara buga babban tarihin ɗariƙar Benedikti shekara bayan shekara, ya kai juzu'i huɗu. A wannan shekarar wani malamin Jezuwit, Barthélemy Germon, ya sake tayar da shakka kan takardun Saint-Denis, Mabillon ya amsa da ƙarin bayani a 1704. A farkon Disamba 1707 ciwo ya kama shi a hanyar Chelles, gabas da Paris, aka maido shi gida, ya rasu ranar 27 ga watan yana da shekara 75. Ruinart ya rubuta tarihinsa a 1709, wasu ƴan'uwa suka ƙarasa sauran juzu'i biyun, na ƙarshe a 1739.

Juyin juya halin 1789 ya rushe reshen Saint-Maur, littattafansa da suka tsira suka koma hannun gwamnati. A 1821 Faransa ta buɗe makarantar École des chartes don horar da masu kula da taskokin tarihi, kuma ilimin da Mabillon ya tsara na cikin ginshiƙan karatunta. Masanin tarihi Marc Bloch ya ɗauki shekarar 1681 a matsayin ɗaya daga cikin manyan shekaru a tarihin tunanin ɗan Adam. Jerin Ordines Romani na Mabillon kuwa shi aka yi ta amfani da shi fiye da shekara 200, har Michel Andrieu na jami'ar Strasbourg ya sake tattara su, ya kai su hamsin, aka buga aikin daga 1931 zuwa 1961. An kwashe ƙasusuwan Mabillon a lokacin juyin juya hali, aka maido su cocin Saint-Germain-des-Prés a 1819, inda suke kusa da na René Descartes. Wata tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa da ke kusa da cocin, a layi na 10, tana ɗauke da sunansa.